Sunan da Ba Ki Taɓa Kira Ba

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara uku ke nan da aka kai ki makwanci, sai yau na iya ɗaukar biro. Na gaji, Inna, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Kin san ni da riƙo. Tun ina ƙarama nake ƙullace da ke, don ba ki taɓa kiran sunana ba. "Ke, zo nan." "Ke, ɗauko tsintsiya." Na san kunyar 'yar fari ce, haka iyaye suke a Limancin Kona, amma taki ta wuce misali. Ko wata ce ta ƙwala mini kira a tsakar gida, sai ki haɗe rai.

Ina tuna ki duk Alhamis kina zuba fura a tsohuwar rijiyar rini ta bayan ɗakinki. Da na dawo daga kwalejin horon malamai, kaina na hayaƙi, na ce miki shirka ce. Ba ki musa ba. Cewa kawai kika yi, "Allah Ya sa har ki mutu ba ki gane ba."

Addu'arki ba ta ci ba, Inna.

Da aka bar mini sashenki, na taso daga Tukur-Tukur da jikarki, 'yata ta fari. Fura dai ban zuba ba. Sunanta kuwa safe da yamma nake rangaɗa shi, wai ni 'yar boko.

Wata Alhamis da tsakar rana ina yanka kuɓewa, na ji ta ce, "Na'am." Ban kira ta ba. Na same ta durƙushe a bakin rijiyar, hannayenta shuɗi har gwiwa. Rijiyar da tun kafin a haife ni take a bushe! Ta ce muryata ta ji daga ciki.

Goggo Hajara, ƙanwar Baba, ita ta fasa mini zancen. Abin da ke ciki ya girmi ganuwa. Kakanmu marini ya yi masa alkawarin 'yar fari don rininsa ya kama, ya kuma cika sau ɗaya. Yarinyar da ya bayar tana nan a ƙasan rijiyar. Tun daga nan matan gidan ke lallashinsa da fura suna ɓoye masa suna, don ba ya ɗaukar wadda bai san sunanta ba.

An yi sauka, ta sha rubutu, shuɗin bai bar farcenta ba. Na mayar da ita wurin dangin ubanta, ranar Alhamis sai ga ta a ƙafa, ko takalmi babu.

Yanzu ni ke zuba furar, ina zubawa ina istigfari. Goggo ta ce wataƙila ya manta sunan in ya daina ji. Ko a takardar nan ba zan rubuta shi ba.

Jiya na ce, "Ke, zo nan." Ta yi mini kallon da na shekara talatin ina miki, ta ce, "Mama, me na yi miki?" Na ce ta ɗauko tsintsiya.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mana furar nan ni da ke, Ya sa ita kam har ta mutu ba ta gane ba.

'Yarki ta fari,
Ke.