Babu Makaɗin Gayya a Kanada

Winnipeg, Kanada
9 ga Oktoba, 1983

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taka? Yaya Mama da Roda da mutanen Ƙarfi? Dawa ta yi kyau bana? Ni lafiya lau, sai tari da sanyi ya sa mini, kada a faɗa wa Mama.

Baba, izinin zamana ya kusa ƙarewa, shi ne nake neman na dindindin. Hukuma ta ce in rubuta duk bajintar da na yi a aikin binciken alkama. Na rubuta cewa Allah ya taimaka, abokan aiki sun yi ƙoƙari. Lauyana ya karanta, ya ce, "To kai ina kake a ciki?"

Abin ya ɗaure mini kai. A gida, ranar gayya, manomi duƙawa yake yi, Sulemanu makaɗi ne ke faɗin ko shi wane ne. Kai ka koya mini yabon kai jahilci ne. Nan kuwa mutum shi ne manomin, shi ne makaɗin. Ko da me suke gane maƙaryaci?

Don Allah a tambayi Sulemanu, da ni ne a gabansa, me zai ce? A sa Roda ta rubuto mini amsarsa, ta haɗo da ɗan yaji.

Sai dai, Baba, in na iya yabon nan, ladansa shi ne in daɗe ban gan ka ba. In rubuta, ko in bari?

Ɗanka,
Yunis