Ɗakin da Ka Kulle ta Ciki

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana, Mai sunan Malam. Aminci ya tabbata a gare ka da maƙwabtanka na makwanci, tare da rahamar Allah da gafararSa.

Bayan gaisuwa, ina sane da cewa ba za ka karanta wannan takarda ba. Na ƙare rayuwata ina karantar da mutane cewa abin da ke isa ga mamaci addu'a ce da sadaka, ba tawada ba, kuma ban sauya ra'ayi ba. Ina rubutawa ne domin a cikin masu rai na gidan nan ban ga wanda zan faɗa wa wannan magana ba tare da na ɗaga murya ba, ni kuwa shekaruna sun wuce na ɗaga murya.

Ɗiyarka Nana tana lafiya, ta fara riƙe wuyanta. Albasar da ka dasa a Bakolori ta yi kyau, maƙwabcin gonarka ne ke ba ta ruwa. Ɗalibanka na makarantar garin Kaya sun zo ta'aziyya da kayan makaranta a jikinsu. Su kaɗai ne suka zo gidan nan ba tare da sun kawo mini bayanin abin da ya kashe ka ba.

Ka tuna wasan nan naka na kwamfuta, wanda na ce ban san dalilin kiransa wasa ba, tunda ba a gudu, ba a tsalle, sai dai mutum ya zauna yana karanta rubutu a ƙarƙashin zanen mutane masu manyan idanu, kiɗa na tashi? Ka bayyana mini shi wata la'asar a zaure. Ka ce labarin wasu baƙi ne da suka sauka a masauki bisa dutse, gada ta karye, ba shiga ba fita, sai aka riƙa tsintar gawarsu ɗaya bayan ɗaya a ɗakunan da aka kulle ta ciki. Wasu cikinsu na cewa aikin wani matsafi ne da ya daɗe da mutuwa, wasu na cewa hannun mutum ne. Kai da Sanusi ɗan Goggonka Asabe da abokanku kuka buɗe zauren hira a waya, kuka rabu gida biyu, 'yan tsafi da 'yan hankali, kuna jayayya kamar wata mas'alar gado ce ta taso.

A ranar ka yi mini tambaya. Ka ce idan an sami gawa a ɗaki kulle, ba rauni, ba shaida, shin alƙali na iya hukunta wani da cewa sihiri ya yi? Na ce maka sihiri akwai shi, musun wanzuwarsa ba ilimi ba ne, amma ba a rataya shi a wuyan Musulmi da zato, sai da iƙirarinsa ko shaidu adilai. Sannan na ce ka daina ƙona yammacinka a kan lagawu, abin da ba ya amfanar kowa.

Ashe za ka bar mini tambayar nan a ƙofar gida.

Rabi matarka tana jego, ba ta tafi wankan gida Maradun ba saboda halin da hanya ke ciki, kai kuma ka koma shagon ƙofar gida kamar yadda aka saba. Ran nan ba ka fito sallar Asuba ba. Muka buga, muka kira, daga ƙarshe muka ɓalle ƙofa. Sakata tana sanye ta ciki, taga a rufe saboda sauro. Kana kwance a kan katifa, ka yi amai, ba rauni ko ɗaya a jikinka. Ga kwanon tuwon da Rabi ta aiko maka a gefe, ka ci rabi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Muka kai ka kafin Azahar.

Ba a tashi zaman makoki ba abokanka suka koma zaurensu na waya. Wannan karon kai ne labarin. Ka ji abin kunya? Samari masu takardun digiri, waɗanda ba a sami ko ɗaya cikinsu da ya san yadda ake wankan gawa ba, su ne suka zama masu binciken mutuwa. Sanusi da kansa ya zo, ya durƙusa, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya miƙo mini wayarsa. Taswirar gidana ce ya zana, da kibiyoyi, da jan layi daga madafa zuwa shagonka. Ya ce shi bai yarda da camfi ba, da hankali yake aiki: tunda ba wanda ya shiga ɗakin, abin da ya kashe ka ya shiga ne kafin ka kulle, ba abin da ya shiga kuwa sai tuwo. Yana magana idonsa na sheƙi, irin na wanda ya ci gasa. Na dube shi, na tuna ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, na yi istigfari.

Uwarsa kuma ta bi ta ɗaya hanyar. Asabe ta hau mota ta tafi wani ƙauye a gefen Bakura, wurin wani mai rawani da ke kiran kansa malami, wanda in ka ce ya karanta maka farillan alwala sai ya yi tari. Ya shimfiɗa rairayi, ya ja layuka da yatsa, ya ce mace ce, doguwa, fara, ba 'yar garin ba. Wace gwaninta! Asabe ta zauna a gabansa tun hantsi tana ba shi labarin gidanmu, har da cewa ka auro Bafulatana daga Maradun ba da son ranta ba, sannan ta dawo tana mamakin yadda ƙasa ta faɗa masa.

To ka ga 'yan tsafi da 'yan hankali. Sun yi wata da watanni suna zagin juna a kan zanen mutanen da ba su taɓa rayuwa ba, amma da aka zo kan mace mai rai, marar gata a garin nan, sai ga su sun taru a bakin ƙofa ɗaya. Wannan ya ce sammu, wancan ya ce guba. Mata suka daina karɓar ruwa daga hannunta. Asabe ta zo mini da hukuncin da suka yanke: a cire Nana daga nono a ba ta ta raine ta da madarar gwangwani, kada uwar ta shayar da ita abin da ta shayar da uban, ita kuma Rabi a sa ta a mota zuwa Maradun. Mace tana cikin takaba, wadda shari'a ta ce ta zauna a ɗakin mijinta har ta gama. A gidana za a yi wannan? A gidan da aka karantar da babin idda tun kafin a haifi uban mai bugun ƙasar nan?

Rabi kuwa tana ɗakinta. Ina jin kukanta ta bayan katanga, tana danne shi don kada ta tashi yarinyar.

Bayan an watse makoki na shiga shagonka don in kwashe littattafanka. A gindin bangon gabas na tarar da tsaka matattu, da kyankyasai a kife, da ɓera guda ya sandare. Labari ya fita nan da nan. Asabe ta ce ƙarfin asirin ne ya kai har ga tsaka. Sanusi ya ce sun lashi ragowar gubar ne, ya ƙara kibiya a taswirarsa. Ba wanda ya ɗaga kansa sama. Ni na ɗaga, ba don na fi su basira ba, sai don ina neman inda tsakan suka faɗo. Bangon nan bai kai rufi ba. Tsakaninsa da kwanon rufin akwai sarari da hannu zai shige, bayansa kuwa ɗakin ajiya ne.

Makullin yana aljihun rigar da ka cire. Ina buɗewa wani wari ya buge ni, kamar na tafarnuwa da ta ruɓe, har kaina ya juya, na fito na dafa bango. Buhunan wakenka ne na gonar Dosara, a jere har sama. A kan na farko ga gwangwanin ƙwayar maganin ƙwarin nan da manoma ke kira bom, ba ko ɗaya a ciki.

A zamaninmu wake a rumbu yake kwana, cikin toka da barkono, nesa da inda mutum ke sa kansa. Yanzu ɓarayin daji sun hana kowa barin hatsi a ƙauye, kowa ya kwaso nasa ya cusa a cikin gida, ya jefa masa ƙwayar da aka yi domin rumbun da ba mai numfashi kusa da shi. Kai ma haka ka yi da yammacin ranar. Ka rufe ɗakin ajiya da kyau, ka zaga ta ɗaya gefen, ka rufe taga, ka sa sakata. Na kai gwangwanin wurin wani malamin gona, na kuma tambayi likita. Dukansu suka ce hayaƙin ƙwayar nan ba a ganinsa, yana bin kowace kafa, kuma amai na cikin alamunsa.

Ɗana, me ya sa ba ka tambayi kowa ba? Kai da kake bin diddigin kowace taga a masaukin da ba ya duniya, yaya ba ka dubi bangon da kake kwana a gindinsa ba? Ba zarginka nake ba. Ajali ne ya zo, ya sami sababi a ajiye.

Na tara su a zaure bayan La'asar, na ajiye gwangwanin a kan buzu, na yi bayani dalla-dalla. Na zaci zan ga kunya. Abin da na gani a fuskar Sanusi ɓacin rai ne, irin na wanda aka ƙwace wa kwano yana tsakiyar ci. Ya ce abin ya yi sauƙi da yawa, ai wani na iya ajiye gwangwanin don ya ɓatar da sawu. Asabe ta gyara mayafi ta ce, to wa ya sa mai ilimi kamarka, ɗana, ya manta da ramin bango, in ba an juya masa hankali ba?

A nan na gane cutar da wasan nan ya sa musu, wadda mai rairayin Bakura ya daɗe yana ci da ita. Wanda ya tsara labarinku ya yi wa mai karatu alkawari tun shafin farko cewa akwai makashi, kuma yana cikin gidan, domin in babu ba wanda zai sayi hajarsa. Boka ma da wannan alkawari yake buɗe kasuwa. Allah bai yi mana shi ba. Mutum na iya mutuwa ba wanda ya ƙi shi, ba wanda ya nufe shi da sharri. Wannan ne ba sa iya haɗiyewa, domin ba ya barin su da abin hira.

Hujja ta ƙare, sai na bar ta. Rabi ta gama jego, na aika mata cewa daga yau ba mai dafa mini abinci sai ita. Ka san tun da aka kawo ta ban taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga ido a gabana ba. Ranar na kira ta da sunanta, da ƙarfi, yadda na waje za su ji. Ta kawo tuwo bakin ƙofar ciki. Na ce a zuba a kwanon nan naka, wanda aka tarar a gefenka. Na fito da shi ƙofar zaure daidai lokacin da jama'a ke dawowa daga Magariba, na zauna a kan dakali, na yi bisimilla, na cinye, na suɗe hannu. Haka nake yi kullum.

Asabe kuma na faɗa mata, a gaban 'ya'yanta, cewa Nana tana bayan uwarta muddin ina numfashi, kuma duk mai son Rabi ta fita daga gidan nan ya kawo mini shaidu adilai, rairayi ya bar shi a bakin gulbi. Ta yi fushi ta daina gaishe ni. Na sami hutu.

Na san yanzu mutuwata suke jira, kuma ba za ta daɗe ba. Shi ya sa na miƙe a masallaci na shaida wa jama'a cewa ina da hawan jini da ciwon suga, ga tsufa, domin ranar da na faɗi kada wani ya wahalar da kansa da zanen taswira.

Kullum Sanusi ya zo wucewa sai in tura masa kwanon in ce bisimilla, shi kuma ya ce ya ƙoshi. Mai hankalin da bai yarda da camfi ba yana tsoron miyar kuka. Jiya dai mutane sun yi yawa a dakalin, ya rasa hanyar zillewa, ya wanke hannu. Loma ɗaya ya yi, ya haɗiye ta kamar tsakuwa. Yau da Asuba na gan shi a sahun gaba, da ransa da lafiyarsa, ya kasa haɗa ido da ni. Da muka fito ya ce zai gaya mini yadda wasanku ya ƙare, wai ko zan so in san wanda ya yi kisan, tunda kai ba ka kai ƙarshe ba. Na ce masa ba na bukata, akwai ƙofar da ya kamata ya je ya durƙusa ya nemi gafara, kuma ya san ta, shi ya ja mata jan layi. Ya tafi ya tsaya a bakinta. Rabi ba ta amsa sallamarsa ba tukuna, ni kuwa ban ce ta amsa ba.

Saura abu ɗaya da ban faɗa maka ba. Tambayar da ka yi mini a zaure tambayar masu fiƙihu ce, kuma ta faranta mini rai. Na haɗe fuska ne don kada ka ɗauka na yarda da wasan. Har yanzu ban yarda da shi ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya sa ka amsa tambayar da ta fi wannan. Matarka tana ɗakinta, ɗiyarka tana bayanta. Ga shi an kira Magariba, kuma na ji ƙamshin miya daga ciki.

Sai mun iso, Haliru.

Mahaifinka, mai jiran nasa lokaci,
daga zauren gida, Talata Mafara.