Talatar Masu Hawan Jini

Talata, 6 ga Mayu

Saba'in da huɗu yau, ni kaɗai. Tun da abokiyar aikina ta tafi hutun haihuwa, ranar masu hawan jini ta dawo kaina, ga wankin ciwo, ga masu zazzaɓi da ba ruwansu da Talata. Benci ukun baranda sun cika kafin in buɗe ƙofa. Maɗaurin na'urar awon jini ya daina kamawa, sai in danne shi da hagu in yi rubutu da dama. Shayin da na haɗa ƙarfe takwas, ƙarfe biyu na tuna da shi. Ƙuda ya riga ni.

Minti huɗu kowane mutum ke samu. A ciki zan auna, in rubuta a kati, in sake rubutawa a rajista, in ƙirga magani, in yi wa'azin gishiri.

Alhamis, 8 ga Mayu

Likita ya zo, awa biyunsa na kowane mako. Ya ce rajistata tsaf take.

Talata, 13 ga Mayu

Baba Direba kuma. Tsohon direban bas ne, dogo, kullum shi ke tsara layi a baranda kamar mai lodin fasinja, yana ba mutane dariya. Jininsa 178 bisa 104. Wata huɗu ke nan ya ƙi sauka, alhali watan jiya likita ya ƙara masa magani.

Na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, kana shan maganin nan?"

Ya kaɗa min kwalbar. "Duba, 'yata, ko ɗaya bai saura ba."

Raina ya ɓaci. Na ce masa idan kaji yake zuba wa ya faɗa min, kada ya riƙa ɓata min lokaci. Na waje suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ya buɗe baki zai ƙara magana, amma na riga na ce "na gaba". A katinsa na rubuta: ba ya bin ƙa'ida.

A gida baban yara ya ce ko abinci nake zuba musu jira suke in ce "na gaba". Ban yi dariya ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Wanki. Barci. Ƙafafuna sun kumbura.

Laraba, 21 ga Mayu

Wajen ƙarfe goma maƙwabta suka kawo Baba Direba a mota. Bakinsa ya karkace, hannun hagu yana lilo. 212 bisa 120. Yana ta son ya yi min magana, harshen ya ƙi. Na rubuta takardar tura shi babban asibiti a gurguje, har na sa kwanan watan jiya a maimakon na yau. Matarsa tana bakin ƙofa, 'yar ƙaramar tsohuwa, rungume da takalmansa. Ta ƙi shigowa ɗakin. Kamar na san fuskarta.

Motarsu na tashi na koma kan masu awon ciki. Talatin da ɗaya.

Juma'a, 23 ga Mayu

Da na tashi aiki na biya babban asibiti. Ban san me ya kai ni ba, ba na bin marasa lafiya. Yana barci. An ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma da sauƙi, an kawo shi da wuri.

Matar tana zaune a baranda kan tabarma. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, sannu da jinya." Ta ɗago ta dube ni.

"Ba ki gane ni ba, Sista."

Na ce a'a.

Ashe ita ma tamu ce, tana da kati. Bara 'yarta ta haihu a wani gari, ta je ta zauna da ita, ta makara mako uku ba ta zo karɓar magani ba. Ranar da ta dawo, wai na ce mata a gaban mutane idan ba ta son ranta ta bar wa masu so layi.

"Na girmi uwarki, ina jin. Na ce ba zan sake taka wurin ba. Malam ya yi lallashi har ya gaji. Sai ya riƙa sa wuƙa yana raba ƙwayar biyu, rabi nasa, rabi nawa. Da aka ƙara masa na biyun, shi ma ya raba."

Ba faɗa ta yi ba. Da ma faɗan ta yi.

Ban tuna na faɗi maganar ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Amma irin maganata ce, na san bakina.

Asabar, 24 ga Mayu

Na gaya wa baban yara. Ya ce mutum ɗaya ba zai yi aikin mutum uku ba kuma a ce ya riƙa murmushi. Gaskiya ne. Bai sa na ji sauƙi ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Na ciro kwalin da ke ƙarƙashin kabad, inda mai kati, ma'aikacinmu da ke ba da kati, yake jefa katunan waɗanda suka daina zuwa. Na sami nata. Rubutuna ne, awon ƙarshe 170 bisa 100. Kati arba'in da ɗaya a kwalin. Doka ta ce mu kira su a waya bayan wata biyu. Wa zai kira, da wane lokaci? Nawa ne a ciki suka mutu, nawa suka ƙaura, nawa ne kuma ni na…

Na kira shida a lokacin cin abincina. Biyu sun ɗauka. Wata ta ce ai ta warke, kanta ya daina ciwo. Minti goma na yi ina mata bayani cewa ciwon nan ba ya sallama.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na tare likita da shugabarmu a ofis kafin ya gudu. Na ce a raba masu hawan jini gida biyu, Talata da Juma'a, kuma mai kati ya karɓi cika rajista. Shugaba ta ce, "Juma'ar da muke rigakafi? Da wane hannu?" Na ajiye mata kwalin a kan tebur. Likita ya ɗauki kati biyu ya duba, ya mayar.

An yarda a gwada wata ɗaya. Ƙarin ma'aikaciya kuwa, an ce an rubuta takarda. Tun Janairu ake rubuta ta.

Mai kati ya daina gaishe ni.

Asabar, 31 ga Mayu

An sallami Baba. Maƙwabcinsu ya ce yana jan ƙafa, magana tana fita kaɗan-kaɗan. Wai ya ce a gaida 'yarsa. Na tambaya, wace? Ya ce ke mana.

Talata, 3 ga Yuni

Arba'in da uku, sauran sai Juma'a. Duk da haka sai ƙarfe huɗu na tashi, ban san inda lokacin ya tafi ba. Wataƙila don yanzu ina tambayar kowa ko akwai wanda suke shan maganin tare a gida. Mutum uku sun sunkuyar da kai.

Iya ta zo. Ita ce ta goma sha tara, ta bi layi kamar kowa. Ta zauna, ta naɗe hannun riga da kanta, ta kau da kai wajen taga. 166 bisa 98. Na ƙirga mata nata, na ƙirga na Baba daban, na zana wa kwalbarta jan layi don kada su haɗu. Na faɗa mata wani abu a hankali, ba sai na rubuta shi a nan ba. Ta yi kamar ba ta ji ba.

Da ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Yau ba faɗa, Sista?"

Na ce, "Yau ba lokaci, Iya."

Ta ce to, sai wata mai zuwa.