Motar Ta Tafi da Hular Malam Inuwa

Anti Najiba, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a, domin ranar ce yayana yake jiran amsata, ni kuwa kaina ya ɗaure. Ni bazawara ce, mijina ya rasu da daɗewa, yarana sun girma. A Umarari nake zaune, ina sayar da turaren wuta da humra a kasuwa, kullum da safe nake bin doguwar motar nan mai sauƙin kuɗi.

Kin san ranar Maiduguri ba ta wasa. Shi ya sa a tasharmu ba mutum ne yake tsayawa a layi ba, takalminsa ne. Kowa ya zo sai ya cire ƙafa ɗaya ya ajiye a bayan na wanda ya riga shi, ya koma inuwar darbejiya ya zauna. Mota na zuwa, kowa ya je ya saka abinsa, a shiga cikin mutunci. Amma yanzu abin ya lalace. Samari da ɗalibai sun ɓullo da jefa jaka ko hankici ta taga tun mota ba ta gama tsayawa ba, wai sun kama kujera. Takalmanmu kuwa sai a bi ta kansu. Ni bakina ba ya shiru, har sun sa mini suna Hajiya Layi.

A wannan tasha na san Malam Inuwa, mai gyaran agogo, shi ma matarsa ta rasu. Abin da ya ja hankalina gare shi, duk wanda aka watsar wa da takalmi, shi ne yake sunkuyawa ya mayar masa a gurbinsa, bai taɓa ɗaga murya ba. Daga gaisuwar wushe, wushe, sai hira, daga hira sai ga shi ya aika wa yayana Sa'id cewa yana so na. Anti, ba zan ɓoye miki ba, na yi murna. Har sabon lalle na yi, 'yata tana ta tsokanata.

To, makon jiya gwiwata ta matsa mini, ya ga ina ɗingishi. Motar na shigowa, sai na ga dattijon nan ya cire hularsa, zanna sabuwa fil wadda ya saya saboda zuwa gidanmu, ya wurga ta taga kamar ɗan makaranta. Ta faɗa kan kujerar gaba. Ya juyo yana haki yana yi mini alama in shiga. Ga takalmin Kaka Gana, tsohuwa mai sayar da ƙuli, shi ne na farko a layi. Na ce masa ni ba na shiga ta bayan fage, na koma na zauna. Kafin ya kutsa ya ɗauko abarsa, ƙofa ta cushe, direba ya ja. Motar ta tafi da hular, shi kuma yana tsaye a bakin titi kai ba hula, ƙafa ɗaya ba takalmi. Wallahi dariya ta ƙwace mini, har da hawaye, duk 'yan inuwa suka taya ni.

Tun ranar yana zuwa da wata tsohuwar hula, ya ajiye takalminsa can ƙarshe, ya gaishe ni daga nesa. Abin da ke damuna, halin da na so shi dominsa shi ne ya karya a gabana. Ko dama haka yake, ɓoyewa ya yi? Kuma idan na ce a'a, na san zuciyata ba za ta yafe mini ba.

Hajiya Layi, Umarari

Hajiya Layi, sannu da ƙoƙari, kuma ki yi haƙuri, ni ma na yi dariyar da kika yi. Amma bari mu dube shi da natsuwa.

Kina da gaskiya da kika ƙi shiga. Kujerar nan ta Kaka Gana ce, kuma ciwon gwiwarki bai ba kowa izinin ƙwace ta ba. Idan manya suka fara jifa ta taga, babu mai bakin yi wa yara faɗa gobe. Malam Inuwa ya yi kuskure, kada ki ce masa bai yi ba.

Sai dai ki lura da abu biyu. Bai jefa don kansa ba, kuma bai iya ba. Wanda ya saba wannan aiki tsumma yake jefawa, ba sabuwar zanna ba, kuma ba ya bari mota ta tafi ta bar shi. Hannunsa ya nuna baƙo ne a harkar. Sannan da a ce mutum ne da bai da kunya, da washegari ya zo yana kare kansa. Shi ƙarshen layi ya koma, ya hukunta kansa tun kafin ki buɗe baki.

Ke ma akwai naki. Kin san nauyin a ga dattijo kai ba hula a garin nan, kuma ke kika buɗe dariyar. Ki ba shi haƙuri a kan wannan, ki kuma gaya masa a fili cewa kin fi son ki tsaya da ciwo a kan ki zauna a haƙƙin wani. Ki nemi ya je ya roƙi Kaka Gana gafara a nan inuwar da abin ya faru. Yadda ya karɓi wannan magana shi ne zai nuna miki irin mijin da zai zama, kuma ina kyautata zaton ba zai ba ki kunya ba.

Game da tashar, ku manyan ku haɗu ku roƙi direbobi su riƙa rufe tagogi har sai an gama shiga, ku kuma amince tsofaffi da marasa lafiya su fara. Gwiwar nan ki kai ta asibiti, ba kujerar mota ce maganinta ba.

Gobe da safe, ki sayi hula daidai kansa, ki ɗauki takalminki ki ajiye kusa da nasa a ƙarshen layin. Zai gane amsar tun kafin Sa'id ya ji ta. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya, kuma ranar ɗaurin aure a gaya wa ango ya riƙe hularsa da kyau.

Anti Najiba