Ƙofa Mai Tantabaru Biyu

Zuwa ga Uwar 'Yan Biyu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya gwiwarta? Yaya zaman gudun hijira? Ni lafiya lau, sai wutar lantarki da ke leƙo mu kamar sabuwar suruka, ta gaishe mu ta gudu.

Kin tambayi ƙanwata Auta. Tana raye. Abin da 'yan bindiga suka yi mata ranar da suka tare motarsu ya fi ƙarfin biro. Tana wani gida da ake kula da mata irinta. Akwai nas, akwai mai sauraron damuwarsu, har da lauya. Ƙungiyoyin ƙasashen waje ne ke ɗaukar nauyinsa. Gidan ba allo ba suna, maƙwabta sun ɗauka ɗinki ake koyarwa. Kada ki tambaye ni unguwar.

Ni na yi musu ƙofar waje. Babbar Nas ta ce baƙa take so, ba ado, wadda ido ba zai tsaya a kanta ba. To kin san mijinki. Mutumin da ya fara da aron guduma a bakin titi, yau yana da shagon kansa, shi za a ce wa ya yi aikin da ba za a gane hannunsa ba? Na lanƙwasa tantabaru biyu a samanta, baki da baki. Ta ɓata rai, na ce a bar Auta ta riƙa ganin abu mai kyau. Shekara ashirin ban taɓa maimaita ƙofa ba.

Ki shafa min kan yara.

Mijinki,
Mai Walda


Uwar 'Yan Biyu,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Yau Litinin da hantsi wata mota marar lamba ta tsaya a bakin shago. Mutum uku. Babbansu ya yi sallama da fara'a, ya miƙo min waya. Hoton ƙofata ne. Ashe baƙin da ke tallafa wa gidan sun zo watan jiya, sun ɗauki hoto don rahoton da suke nuna wa ƙasashensu. Sun rufe fuskokin matan tsaf, ba wanda ya tuna da tantabaruna.

Ya ce duk wanda ya nuna wa hoton, sunana yake kira. Da can wannan maganar sai ta sa kaina ya kumbura. Wai irinta yake so, in kai shi ya gani da idonsa. Yana magana ina kallon kunnensa na hagu, rabinsa babu. Haka Auta ta siffanta wa lauya ɗaya daga cikin 'yan bindigar, a gabana.

Na ce ƙofofin da na yi sun fi ɗari uku, sai na yi tunani. Ya dafa kafaɗata, ya tambayi iyali, ya ce zai dawo Alhamis. Da suka tafi sai na ga ashe a kan ƙarfe mai zafi na dafa hannu ban ji ba.

Na zagaya ta kasuwa sau biyu kafin na je wurin Babbar Nas. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce tun farkon shekara aka rage musu tallafi. Motar da ke kwashe mata idan an shiga haɗari ta tafi, masu gadi uku saura dattijo ɗaya. Mata goma sha ɗaya, biyu ba sa iya tafiya. Ta rubuta wa ƙungiyoyin, amsa ɗaya ce: ana dubawa.

Ban taɓa jin tsoron mutum ba, kin sani. Yau na ji.

Ki sa Inna ta yi mana addu'a, amma kada ki faɗa mata dalili.

Mijinki,
Mai Walda


Uwar 'Yan Biyu, abokiyar arzikina,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara, Allah ya sa kuna lafiya.

Jiya da rana tsaka na cire ƙofar kamar mai gyara. Na liƙa musu wata tsohuwa mai tsatsa, walda duk ƙuraje, aikin da ko ɗan koyo zai ji kunyarsa. Auta tana shanya ta hango, ta ce Yaya, hannun ya tsufa ke nan? Ta yi dariya. Babbar Nas ta ce tun zuwanta ba a taɓa jin dariyarta ba.

Na so in yanka tantabarun in huta, sai na tuna mai nema ba ya dainawa sai ya samu. Don haka na fasa katangarmu, na kafa ƙofar a gidanmu. Na shafa wa bangon farin fenti irin na hoton, na goga masa ƙasa. Na zuba tsofaffin katifu a ɗakin yara, na ajiye mataccen keken ɗinki a falonki. Zan ce wa mai rabin kunnen bayan tafiyarku na ba su hayar gidan, tallafi ya yanke, suka watse, ban san inda suka nufa ba. Rabin maganar ma gaskiya ce.

Ko zai yarda, Allah masani. Idan ya tambayi abin da ya hana ni faɗa tun ranar Litinin, zan ce tsoro ne. Nan ma ban yi ƙarya ba.

Makullin shago yana hannun direban da zai kawo miki wannan takarda. Ki ƙona ta da sauran biyun. Idan kin ji shiru, ki faɗa wa yara ubansu ya iya aiki, sai dai bai iya jin magana ba. Ki yafe min duk abin da na yi miki.

Gobe Alhamis. Na ajiye kujera a tsakar gida ina kallon ƙofar ta ciki. Kin san wani abu? Ko yanzu, wallahi, ta yi kyau.

Mijinki har kullum,
Mai Walda