Ƙawancen Sahabi

Daren Talata, watan Safar, Giyawa

Ɗana Sahabi ya zo yau, ya koma tun kahin la'asar. Ba shi kwana garinga saboda 'yan bindiga. Babban darakta ne yanzu, kamhwaninsu na saida jiragen tsaro marasa matuƙi, shi ka ƙulla musu ƙawance da ƙasashen waje.

Da nij ji ƙawance, raina yay yi hwari. Nic ce, "To ɗana, ka roƙa muna guda wurin abokan nan naka, shi tsare muna albasarmu bakin dam."

Yad duƙar da kai. "Baba, ba irin wanga ƙawance ba ne. Sai gwamnati ta saya."

To wane iri? Wanda na sani, ubana da Arɗo Buba sunka ƙulla shi bisa ƙwaryar nono. Shekarar da ruwan dam yac ci gonarmu, su Arɗo sunka ciyar da mu, ba mu roƙa ba. Nonon nan ya raini Sahabi.

Wai in bi shi Abuja. Na ƙiya.

Bakin mota yar riƙe hannuna. "Baba, mi kaka so in aiko maka?"

Nic ce ba komi. Ai na riga na hwaɗi.