Furen Takalmin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Kin tambayi shukar okid ɗin marigayi Baba, mai furen nan kamar takalmin jariri. Tana nan ƙalau a bakin taga, ki kwantar da hankalinki.

Autarku.

Auta,

Na amsa gaisuwa, sai dai wasiƙarki ta yi gajarta, ba halinki ba ne. Ki riƙe ta da kyau, don babu irinta ko'ina. Baba ne ya samar da ita, ya haɗa irin fure biyu da tsinken sakace: uwa mai ganye dabbare-dabbare, uba mai farin fure, ya jira shekara shida kafin ta buɗe. Kada ki zuba ruwa a tsakiyar ganye, kada ki sa mata ƙasa, ɓawon itace kawai. In kin ga tsohon ganye ya yi rawaya bayan fure, kada ki tsorata. Haka take, uwar na mutuwa 'yar na fitowa ta gindi.

Ki gaida mijinki.

Yaya,

Ina gaisuwa, amma da kunya. Ƙarya na yi miki. Tun watan jiya na ga ganyen ya yi rawaya, na ɗauka ni na kashe ta, na juye tukunyar a shara don kada kowa ya gani. Ko gindin ban duba ba. Da na karanta wasiƙarki na ruga bayan gida, ashe an daɗe da kwashewa. Katin da Baba ya rubuta sunan iyayenta da fensir kawai ya rage mini. Dama ya ce hannuna ba na shuka ba ne, tun ranar da ɗan tsiron nan ya ɓata a tukunyar, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Ya yi gaskiya. Ki yafe mini.

Auta.

Auta,

Ina gaishe ki, ki share hawaye. Tsiron nan ba ke kika karya shi ba. Ni na yanke, na ɓoye a jakata, na zuba ido kina ta rantsuwa. Yana tagata shekara tara ke nan, ya cika tukunya uku. Ranar Asabar zan kawo miki biyu, ki sa musu katin. Wata gudan nan da Baba ya yi ba ya amsa gaisuwarki kuwa, ban san yadda zan mayar miki da shi ba.

Yayarki.